Tsakanin Ci Goma da Ci Goma Sha Biyu

Kafanchan gari ne da jira ya gina. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi ya zo ya haɗe da na Kaduna a nan, a 1927 kuma aka fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Daga baya, a 1964, aka kai layin har Maiduguri. A wancan zamani mai zuwa gabas yana jiran jirgin da zai fito daga Legas, direba yana jiran sigina, 'yan dako suna jiran kaya, masu tuwo da masu shayi suna jiran kowa da kowa. Ita kanta fadar Sarkin Jama'a a 1933 ta baro tsohon mazauninta ta matso kusa da tasha. Duk inda jira ya yi yawa kuwa, wasa ba ya yankewa. Dattawa suna dara a ƙasa, ma'aikatan loko suna daraf a kan benci, mata da yara suna lido, samari kuma suna karta a bayan kwatas ɗin reluwe, nesa da idon iyaye, domin da limami da fasto bakinsu ɗaya a kan cewa karta ƙanwar caca ce.

Kartar garinmu ita ce Whot, wadda wani Bature ɗan Ingila, William Storey, ya fito da ita a 1935, amma ta zo Nijeriya ta yi gida har ta fi ƙarfi a nan kan can inda aka haife ta. Kowa ya san yarenta: bal, angul, kuros, kafet, sta. Ka jefa biyu ka ce "fik tu", ka jefa goma sha huɗu kowa ya tafi kasuwa, ka yi shelar "las kat" da ƙarfi don kada a ci ka tara. Akwai ɗan hukunci a cikinta. Katin Whot mai lamba 20 yana buɗe maka kowace ƙofa, amma in ka riƙe shi kana jiran lokacin da ya fi, kasuwa ta ƙare aka zo ƙidaya, wannan 20 ɗin a wuyanka za ta hau. Iyakar lissafin ke nan. Sauran duk sa'a ce da saurin hannu da iya surutu.

Akwai wata karta da ba ta taɓa tsallako shinge ba. Birij wasan kulob ɗin Turawa ne, na su joji da injiniyoyin reluwe da manajojin kamfanonin kuza a Jos da Kaduna. Ƙwallon ƙafa ta fito daga hannunsu ta shiga kowane lungu, folo ta samu Sarki Dikko a Katsina ta zama ta sarakuna, amma birij da Turawa suka naɗe kayansu sai ya bi su. Ni a hannun Ba'indiye na koye shi. Daga 1979 zuwa 1982 kamfanin RITES na Indiya ne ke tafiyar da hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, a wannan zamanin kuma makarantun sakandaren Arewa cike suke da malaman lissafi da kimiyya 'yan Indiya. Malaminmu na lissafi yana da mata da aboki ɗaya, wasan kuwa sai da mutum huɗu. Ƙarancin mutum ne ya sa aka jawo ɗalibi aka zaunar da shi a kujera, ba wata baiwa ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kati 52, mutum huɗu, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Kowa ya samu kati 13, saboda haka za a yi zagaye 13, kowane zagaye akwai ɓangaren da zai ci. Kafin a jefa ko kati ɗaya sai an yi tayi, tamkar a gwanjo: kowane ɓangare yana faɗin yawan cin da ya ɗauki alkawarin kawowa, da dangin katin da zai yi mulki. Wanda tayinsa ya fi shi ne mai alkawari. In ya cika a ba shi lada, in ya gaza a ci shi tara. Kuma ba ka da ikon gaya wa abokinka abin da ke hannunka sai ta bakin tayin nan. Ba ƙifta ido, ba tari, ba taka ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Ladan hawa-hawa ne. Hawa na farko da ake kira gem yana buƙatar ci 9 idan babu dangi mai mulki, ci 10 idan mai zuciya ne ko mai kan mashi ke mulki, ci 11 a sauran dangi biyun. Sama da shi akwai ƙaramin silam, ci 12, wato zagaye ɗaya tak za ka bar wa abokan hamayya. Sai babban silam, ka share duka 13.

Wanda ya tsara wannan lada shi ma ɗan gidan reluwe ne, abin da ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna. Harold Vanderbilt, magajin dukiyar jiragen ƙasa na New York Central a Amurka, shi ya rubuta tsarin a cikin wani jirgin ruwa mai suna Finland a ƙarshen 1925, shekara biyu kafin jirgi ya fara hawa Jos daga Kafanchan. A tsohon wasan da ake yi kafin shi, in kati ya yi maka kyau ka ci 12, ladan silam naka ne ko ka taya ko ba ka taya ba. Vanderbilt ya ce a'a, sai abin da ka faɗa da bakinka tun farko. Wanda ya tsaya a 10 ya ci 12, ladan 10 zai karɓa da ɗan ƙari kaɗan. Wanda ya taya 12 ya ci 11, babu ladan 12, babu na 10 ɗin da da ya samu cikin ruwan sanyi, ga tara a kai. Daga wannan doka ɗaya duk wahalar wasan ta fito, da daɗinsa.

Malam ya sa ni na yi lissafin da alli, kamar aikin aji. A ƙidayar gasa, lokacin da tara take da sauƙi, ka taya 10 da mai kan mashi ka ci 12, maki 480. Ka taya 12 ɗin ka cika, 980. Riba 500. To in 11 kawai katin zai iya kawowa fa? Wanda ya tsaya a gem ya tashi da 450, kai kuma an cire maka 50. Asara 500. Riba da asara sun yi kunnen doki, ma'ana ƙaramin silam ya cancanci tayi ne idan damar cikawarsa ta kai rabi ko ta wuce. Babban silam kuwa wani labari ne. Ka taya 13 ka cika, 1510, wanda ya tsaya a 12 ya share duka yana da 1010, ribarka 500 ce dai. Amma in ka faɗi, ka zubar da 980 da ke hannunka, ga tarar 50: 1030. Kana sa fiye da ninki biyu na abin da kake nema. Sai damar ta kai wajen kashi biyu cikin uku kafin mai hankali ya buɗe baki.

Abin da na ɗauka daga allon nan, wanda ya bi ni har tsufa, shi ne tarar 50 ba ita ce asarar ba. Asarar ita ce 450 ɗin da ba a riga an rubuta maka ba amma taka ce. Ido ba ya ganinta saboda ba ta shiga aljihu ba tukuna.

Sabon shiga yana dogara da ƙidayar maki: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimla 40 a cikin kati duka. Tsarin Milton Work ne, Charles Goren ya yaɗa shi a duniya. Ana cewa in kai da abokinka kun haɗa 25 ko 26 ku nemi gem, 33 ƙaramin silam, 37 babba. Me ya sa 33? Saboda as biyu maki 8 ne, in kuna da 33 abokan hamayya 7 kawai suka rage musu, ba za su riƙe as biyu ba. Sai dai as da sarki na dangi ɗaya su ma 7 ne cif. Na ga wannan da idona a teburin malam. Matarsa da abokinsa suka haɗa 33 daidai, hannu ya cika da manyan kati har yana sheƙi, suka taya 12. Malam ya ajiye as na mai lu'ulu'u, ya bi shi da sarki, wasa ya mutu tun zagaye na biyu. Sauran 11 duk nasu ne, amma me za a yi da su? Matar ta dubi abokin wasanta ta ce, "Kati biyu ƙanana gare ni a wurin, ka tambaye ni?" Ya ce, "Ke ma kin tambaye ni?"

Saboda irin wannan ne aka ƙirƙiro hanyoyin tambaya. Wadda ta fi shahara ta Easley Blackwood ce, wani ma'aikacin inshora a Indianapolis, tun 1933: akwai tayi guda da ma'anarsa kawai "as nawa gare ka?", aboki ya amsa da wani tayin. Masu koyo suna ɗaukarta tsani na hawa silam, alhali birki ce. Amfaninta ka gano as biyu sun ɓace ka tsaya. Kuma ba ta maganin kowace cuta, don ba za ta gaya maka wane as ne abokinka ke riƙe da shi ba. Mai ƙananan kati biyu a dangin da ba wanda ya ambata, gara ya bi ta doguwar hanya: ya taya dangin da yake da tsaro a ciki, aboki ya taya nasa, in an tsallake wani dangi kowa ya gane a nan ƙofa take a buɗe.

Ita tambayar ma ba kyauta ba ce. Kana bincike kana hawa, kafin ka ankara ka kai alkawarin ci 11, inda babu ƙarin lada ko ɗaya a kan na 10, sai ƙarin haɗari. Babu faɗuwa mai ciwo a birij irin ta wanda ya leƙa silam, ya fasa, ya tsaya a 11, sannan ya ci 10. Garin neman gira ya rasa ido, kuma girar ma bai taya ta ba. A ganina gwanintar duk a nan take, sanin hannun da ya cancanci a leƙa da shi da wanda za a ce gem a yi shiru. Littafi ba ya koyar da wannan sosai. Zama da aboki ɗaya shekara da shekaru ne ke koyarwa, har ka san mutumin nan in ya ce yana da ƙarfi to yana da shi, wancan kuwa sai ka rage kashi ɗaya cikin huɗu.

Malaman Indiya sun tafi lokacin da naira ta fara karyewa a tsakiyar shekarun 1980. Jirgin ma ya bi bayansu a hankali. Kafanchan tana nan a matsayin hedikwatar ɗaya daga cikin gundumomin hukumar reluwe, amma wanda ya san tashar da, in ya ga tarago suna tsatsa a cikin ciyawa, ba sai an yi masa bayani ba. Rikicin da ya tashi daga kwalejin ilimi a watan Maris na 1987, da waɗanda suka biyo baya, sun raba unguwanni, benci ɗaya da ke ɗaukar Bafantsuwam da Bahaushe da Ibo da Bayarabe a kan daraf ya zama abin ba da labari.

Abin da ya tafi tare da jirgin shi ne gem. Albashin reluwe ba ya sa mutum arziki, amma alkawari ne da ake cikawa: ƙarshen wata, gidan kwatas, fansho. Mahaifin da ke da wannan yana da abin da zai yi asara, saboda haka yana auna kowane tsalle. Har masu cika takardar ful ta ƙwallon Ingila a wancan zamani da canjin aljihu suke yi, ranar Asabar, a gaban abokai masu yi musu tsiya.

Yanzu shiga kowane shagon Bet9ja a gari, ko ka leƙa wayar yaron da ke zaune kan babur yana jiran fasinja. Kamfanin ya fara a 2013, ga SportyBet da sauransu sun biyo. Ba wanda ke sa naira ɗari a kan wasa ɗaya ya ci ɗari da hamsin. Ana jera wasa 15, 20, a tikiti guda mai tsawon kamu, don ɗari ta zama dubu ɗari biyar. Lissafinsa bai fi na allon malam wuya ba. A ce kowane wasa damarsa 80 cikin 100 ce, wadda ai babbar dama ce. Ka jera 10, damar duka su shigo ta sauko wajen 11 cikin 100. Ka jera 20, ta koma kusan 1 cikin 100. Kalmar da za ka ji kullum ita ce, "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Gaskiya yake faɗa, kuma haka aka gina abin ya kasance. Wanda ya taya 13 ya ci 12 shi ma zagaye ɗaya ne ya yanke shi.

Har maɓallin tsayawa akwai. Wasa 17 sun shigo, saura 3, kamfani ya ce ga wani abu ka karɓa ka tafi. Na taɓa tsayawa kusa da wani ɗan ƙanena a daidai wannan gaɓa, yatsansa yana rawa a kan gilashin waya. Na ce, "Kai, karɓi abinka." Ya ce, "Baba, in na karɓi wannan me zai saya min? Ko tayar babur ba zai yi ba."

Na daɗe ina juya wannan amsa, don ba wauta ba ce. A birij ma an san haka. Ƙungiyar da aka yi wa nisa a maki, wasa ya kusa ƙarewa, daidai ne ta riƙa taya silam ɗin da damarsa ba ta kai rabi ba, saboda gem ba zai fisshe ta ba ko ta ci shi sau goma. Yaron da ya gama kwalejin Gidan Waya ko jami'ar jiha reshen Kafanchan, shekara biyar ba aiki, yana ganin kansa a wannan hali. Masu wa'azi suna kiran abin kwaɗayi, kuma akwai kwaɗayin. Amma kwaɗayi ba sabon baƙo ba ne a garin nan, iyayenmu ma suna da shi. Bambancin shi ne su suna da 450 da za su zubar, shi kuwa yana ganin ba shi da ita. Inda na saɓa da shi, a birij abokan hamayya mutane ne irinka, kati ɗaya aka raba muku. A shago kuwa wanda ya rubuta ladan shi ne wanda kake karawa da shi, kuma ya riga ya cire rabonsa daga kowane wasa kafin ka jera. Sannan ba kowa a ɗaya gefen teburin. Ba wanda za ka tambaya as nawa gare shi, ba wanda zai tsallake dangi ka gane akwai rami. Kai kaɗai ne da waya da tsakar dare.

Inda abin ya fi kama da birij na gaskiya a ƙasarmu shi ne gonar citta, don a nan akwai gwaninta, akwai kuma abin asara. Kudancin Kaduna ne ke noma mafi yawan cittar Nijeriya, daga Kachia da Kagarko zuwa Jaba da Jama'a, tafin giwa da yatsun biri. Ana shukawa wajen Afrilu da Mayu, a rufe kunya da ganye, a yi ta cire ciyawa da hannu, a haƙe daga ƙarshen shekara, a tsaga a shanya. Aiki ne mai cin kuɗi tun kafin a ga tsiro, iri kaɗai ya isa ya cinye jarin mutum. A da manomi yana da tsarinsa: masara da dawa da acca da gwaza na ci, citta kuma ta kuɗin makaranta da kwanon rufi. Mata suna da ta-cewa, don su ke tsagawa, su kuma suka san abin da ya rage a rumbu. In maigida ya ce bana zai ƙara fili, uwargida ta ce da wane hatsin za a kai ga kaka, an yi tambayar Blackwood an gama.

Da farashi ya yi ta hawa shekara bayan shekara, sai tsarin ya fara zamewa. Aka mai da gonakin abinci na citta, aka yi hayar fili, aka ci bashi a ƙungiya da banki. Ma'aikatan gwamnati daga Kaduna da Abuja suka riƙa aiko da kuɗi a noma musu. Ba zan ce wauta ba ce, shekaru da dama alkawarin ya cika, an gina gidaje da shi a Kwoi da Kubacha, an sayi motoci. Sai damina ta 2023. Ganye ya fara yin rawaya a tsakiyar ruwa, aka tona aka tarar saiwa ta ruɓe tana wari, cutar ta bi gona-gona kamar an aike ta. Gwamnatin tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da naira biliyan 12. Cutar ba ta tambayi wanda ya yi ganganci da wanda ya yi hattara ba, duka ta ci. Amma wanda ya bar masararsa a inda take ya ci tuwo a wannan shekara, ya kuma kwana ba mai buga masa ƙofa. Wanda ya juye komai, cittar ta tafi, abincin da da ya noma bai noma ba, ga bashi.

Abin da ya biyo baya ne ya rikita lissafin mutane. Citta ta yi ƙaranci, farashin buhu ya ninka ya sake ninkawa, 'yan ƙalilan da gonarsu ta tsira ko suke da tsohuwar ajiya suka samu kuɗin da ba su taɓa mafarki ba. Labarinsu ne ke yawo a kasuwar Kachia da ta Kafanchan, ba na ɗaruruwan da suka koma gangamau da waken soya ba. A teburin malam ma haka yake, silam marar kyau da ya cika saboda sarki ya faɗo a inda ake so ya fi zama a ran mutum kan guda biyar da suka faɗi, kuma sai ya sake taya irinsa.

Bana wani ɗan'uwana a wajen Kwoi ya zo shawara, yana so ya sayar da shanun nomansa biyu ya sayi iri, tunda irin ya yi tsada kuma wanda ya shuka yanzu shi zai ci kasuwa. Na tambaye shi ko irin daga gonar da cutar ba ta taɓa ba ne, ko filin ya huta, ko an samu maganin da aka tabbatar yana aiki. Biyu daga ciki bai sani ba. Na tambaye shi me matarsa ta ce. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ka san abin da za ta ce, shi ya sa na zo wurinka." Ya sayar da sa ɗaya, ya shuka rabin abin da ya yi niyya, sauran filin ya zuba masara.